TARIHIN MARIGAYI ALI FARKA TURE: DAGA TSIRKIYA ƊAYA ZUWA SHIDA

Sa'ad da kwamitin wannan mujalla tamu ya nemi in rubuto tarihin wani shahararren mutum domin fitowar bana, na san akasarinku za su zaci zan ɗauko wani basarake ne, ko malami, ko ɗan siyasa daga cikin na ƙasar Sakkwato, don kuwa ba mu rasa su ba. To, sai ga shi na ɗauko makaɗi, makaɗin ma ba Bahaushe ba, mutumin ƙasar Mali. Saboda haka ya zama wajibi in fara da faɗin dalilina, tun kafin wani ya ce aikin ofis ya taɓa mini kai.

Ina da kamar shekara goma a Tambuwal na taɓa haɗa kuntigi da hannuna. Gwangwanin kifi na samu, da ɗan kara, da wayar birkin keke, da guntuwar fata da na roƙo wurin wani baduku. Kwana uku ina ɓuya da shi bayan rumbu ina ɗan taɓawa, a rana ta huɗu mahaifina ya kama ni. Bai doke ni ba, Allah ya saka masa da alheri, amma ya taka abin da ƙafa, sa'an nan ya tuna mini cewa gidanmu gidan allo da tawada ne, ba a taɓa jin maroƙi a cikin zuriyarmu ba. Daga ranar ban sake ba, har na manta da zancen.

Bayan shekaru masu yawa, lokacin da aiki ya kai ni Kebbe, wata rana na shiga mota daga Tambuwal, direban kuwa Bazabarme ne. Da muka bar gari sai ya kunna wani kiɗa. Ni dai abin da kunnena ya ji shi ne gurmi da ƙwarya, sai dai harshen waƙar ne ban gane ba. Da na tambaye shi ko wane mai gurmi ne wannan, sai ya yi dariya ya gaya mini ai jita ce irin ta Turawa, mai kaɗa ta kuwa Ali Farka Ture ne. Muka yi ta gardama har muka isa. Ashe shi ke da gaskiya. Tun daga wannan rana na shiga neman labarin mutumin da ya sa jita ta yi maganar gurmi, kuma abin da na samu shi ne nake so in ɗan gutsura muku.

ƘASARSU DA TAMU

Kafin mu shiga tarihinsa ya kamata mai karatu ya san cewa ƙasarsu ba ta yi nisa da tamu kamar yadda taswira ke nunawa ba. Garin Nyafunke inda ya tashi yana bakin Kogin Kwara ne, kudu maso yamma da Timbuktu. Ruwan da ya wuce ta ƙofar garinsu shi ne ke bi ta Gawo, ya ratsa Yamai, ya sauko Gaya, sa'an nan ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi. Gulbin Zamfara kuwa da ke ratsa ƙasar Kebbe ya wuce Jega, yana zuba ne cikin Gulbin Sakkwato, shi kuma ya faɗa cikin Kwara. Watau ruwansu da namu haɗuwa suke yi kafin su isa Yawuri.

Haka kuma tarihi ya daɗe da haɗa mu. Duk wanda bai yi barci a ajin tarihi ba zai tuna da daular Songai da Askiya Muhammadu, da yadda Muhammadu Kanta na Kabi ya yi masa tawaye wajen shekarar 1516, ya kafa mulkinsa a Surame. Harshen Songai da Ali ya fi yin waƙa da shi ɗan'uwan Zabarmanci ne, shi ya sa direban nan yake tsintar kalmomi a ciki. Fulatancin da yake waƙa da shi kuma, Bafulatanin da ke kiwo a dajin Kuchi zai ji da yawa daga cikinsa.

HAIHUWARSA DA ASALINSA

An haifi Ali Ibrahim Ture a shekarar 1939 a wani ƙauye mai suna Kanau, a bakin Kwara, cikin lardin Timbuktu, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Danginsa na wajen uba daga ƙabilar Arma suke, watau jikokin mayaƙan Maroko waɗanda suka karya daular Songai a yaƙin Tondibi a 1591, suka zauna suka yi auratayya da mutanen ƙasar har suka zama su.

Shi ne ɗa na goma wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu, sauran duk sun rasu tun suna ƙanana. Mu a nan mun san abin da ake yi wa ɗan wabi, akan laƙaba masa suna irin su Ajuji ko Ayashe ko Bawa. To, su ma haka al'adarsu take. Sai iyayensa suka sa masa Farka, wanda ke nufin jaki da harshensu, saboda jaki dabba ce mai juriya da taurin kai. Ya riƙe wannan suna har ya koma ga Mahaliccinsa, amma yakan tuna wa mutane cewa shi jakin da ba a hawa ne.

Yana jariri mahaifinsa ya rasu a bakin aikin sojan Faransa, a zamanin yaƙin duniya na biyu. Daga nan ne iyalin suka yi ƙaura zuwa Nyafunke. Ali bai shiga makarantar boko ba ko ta kwana ɗaya. Noma ya tashi yana yi, daga baya aka kai shi koyon ɗinki, da ya zama saurayi kuma ya taɓa kanikanci da tuƙin mota, har ma ya tuƙa jirgin ruwa mai ɗaukar marasa lafiya a kan kogi.

Wani abin lura a nan shi ne, Ali bai gaji kiɗa ba. A ƙasar Mali kiɗa da waƙa sana'a ce ta wasu gidaje na musamman, kamar yadda muka san gidajen makaɗa da maroƙa da bambaɗawa a nan. Ɗan babban gida ba ya taɓa kayan kiɗa, in ya taɓa kuwa abin kunya ne ga dangi duka. Gidan su Ali yana cikin waɗanda ake ƙirgawa manyan gidaje, don haka danginsa ba su yi maraba da abin ba ko kaɗan. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya buɗe ido ya tarar da mahaifinsa da yayansa Kurna suna kiɗa, hanya a share take gabansa. Ali kuwa ya fi kama da Alhaji Mamman Shata, wanda shi ma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba.

KIƊAN DA YA BUƊE IDO YA TARAR

To, in ba a gida ya koya ba, a ina ya koya? Amsa ita ce, garin ne ya koyar da shi. Nyafunke mahaɗa ce ta ƙabilu: ga Songai manoma, ga Fulani makiyaya, ga Sarkawa da Bozo masunta, ga Buzaye masu raƙuma, ga Bambara da Dogon masu zuwa cin kasuwa. Kowace ƙabila da kiɗanta da harshenta, yaro mai kunne kuwa ba ya bukatar a zaunar da shi. Wannan ne ya sa daga baya ya riƙa waƙa da Songai da Fulatanci da Buzanci da Bambara, ba tare da an ji baƙunta a bakinsa ba.

Amma kiɗan da ya fi kama zuciyarsa tun yana ƙarami shi ne na masu wasan iskokin ruwa, abin da su ke kira Jimbala, wanda ya yi kama da bori a ƙasar Hausa. Wata kakarsa tana cikin sanannun wannan harka. Yakan je ya zauna gefe ya saurara har dare ya raba. Kayan kiɗan wurin kuwa ba baƙi ba ne gare mu. Akwai jarkel, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake kaɗawa da yatsa, ɗan'uwan gurmi da kuntigi. Akwai njarka, mai tsirkiya ɗaya ta izgar doki da ake gogawa, watau kukuma ko ƙaramin goge. Akwai ngoni, wanda mu za mu kira molo. Sa'an nan ga ƙwarya da ake kifewa a doka, daidai yadda ake raka goge da ita a nan.

Yana da shekara 12 ya haɗa jarkel na kansa da gwangwani, ya koya wa kansa kaɗawa. A nan ne, ya mai karatu, na tsaya na yi shiru sa'ad da na fara cin karo da labarin, don na tuna da nawa gwangwanin na bayan rumbu. Haka ma Ɗanmaraya Jos, wanda mahaifinsa mutumin Sakkwato ne, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya har ya rasu a 2015.

Yana da kamar shekara 13 wata lalura ta same shi, wadda mutanen garin suka ce taɓin iska ne. Aka kai shi wani ƙauye kusa da su aka yi masa magani har kimanin shekara guda. Da ya dawo sai hannunsa ya ƙara faɗawa a kan tsirkiya, har aka fara hasashen zai gaji kakarsa. Bai bi wannan hanya ba. Ya rayu yana Musulmi mai riƙo da salla, sai dai amon kiɗan da ya ji a waɗannan darare bai taɓa fita daga yatsunsa ba. Kafin ya cika shekara 17 ya iya jarkel da njarka da ngoni, har da sarewar Fulani.

Ya kamata a fahimci abin da tsirkiya ɗaya ke koya wa makaɗi. Mai tsirkiya da yawa yana iya ɓuya a bayan yawan amo. Mai tsirkiya ɗaya kuwa ba shi da maɓoya, dole duk daɗin kiɗan ya fito daga yadda yake danna ta, da yadda yake jan yatsa, da inda yake tsayawa ya bar ƙwarya ta yi magana. Dole kuma ya iya maimaita gajeren kiɗa sau ɗari ba tare da ya gundiri mai sauraro ba. Wannan ita ce makarantar da Ali ya yi, kuma ya sauke kafin ya taɓa ganin jita.

HAƊUWARSA DA JITA

A shekarar 1956 ne ya ga wasan ƙungiyar kiɗa da rawa ta Keita Fodeba, wani mutumin ƙasar Gini, malamin makaranta kuma marubuci, wanda ya kafa ƙungiyar da ta kai wasannin Afirka ƙasashen Turai. Ali ya ga Fodeba yana kaɗa kiɗan gargajiyar Malinke a kan jita. Abin da ya girgiza shi ba jitar ba ce kawai, a'a, ganin da ya yi ne cewa ashe ana iya ɗaukar kayan Bature a faɗi zancen gida da shi. A nan take ya ƙudura a ransa sai ya zama mai jita. Shi Fodeba daga baya ya zama minista a gwamnatin Seku Ture, kuma a kurkukun wannan gwamnati aka kashe shi a 1969.

Ali ba shi da kuɗin sayen jita, sai ya riƙa ara. Ba shi da malami, ba shi da littafi, don haka bai koyi riƙon Turawa ba. Abin da ya yi shi ne ya kwashe abin da yatsunsa suka sani a kan jarkel da njarka da ngoni ya zuba a kan tsirkiya shida. Babban yatsa yana riƙe da tsirkiyar ƙasa mai kauri yana maimaita amo ɗaya kamar mai molo, sauran yatsu kuma suna rera waƙar a sirara, suna lanƙwasa amo yadda mai kukuma ke yi. Kiɗan arewacin Mali a kan matakan amo biyar yake tafiya, kamar akasarin kiɗan Hausa. Wannan shi ne sirrin da ya sa kunnena ya rantse gurmi yake ji a motar Kebbe.

Da Mali ta sami 'yancin kai a 1960, gwamnatin Modibo Keita ta kafa ƙungiyoyin wasannin gargajiya a kowace gunduma, ana haɗa su gasa. Ali ya shiga ta gundumar Nyafunke, mai mutum 117, ya zama ɗaya daga cikin shugabanninta tare da abokinsa Harber Maiga. Yana tsara waƙa, yana kiɗa, yana horar da masu amshi da masu rawa, suna zuwa gasa a Mopti suna ciwo kyauta. A nan ne kiɗan da dangi ke ƙyama ya zama aikin ƙasa.

A 1968 aka zaɓe shi cikin tawagar da ta wakilci Mali a wani bikin ƙasashen duniya a birnin Sofiya na ƙasar Bulgeriya. A can ne ya sayi jitarsa ta farko. Ku lissafa da kyau, shekara 12 ke nan yana kiɗa da jitar aro. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara, amma ga wanda ya yi haƙuri da na aro har ya ƙware kafin ya sami nasa.

SHI DA KIƊAN BAƘAƘEN AMURKA

A wannan shekara ta 1968 ne kuma wani abokinsa ɗalibi a Bamako ya kunna masa fayafayan baƙaƙen fatar Amurka, irin su James Brown da Otis Redding da Albert King. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne John Lee Hooker, mutumin Misisipi, gwanin kiɗan da ake kira bulus. Da ya ji shi sai ya ɗauka wani ɗan ƙasarsu ne, don ya ji salon Buzaye da na Fulani a ciki.

Wannan ya jawo wata gardama da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Turawa da suka ji kiɗansa sai suka riƙa kiransa John Lee Hooker na Afirka, watau kamar ya kwaikwayi Ba'amurken ne. Abin yana ɓata masa rai ƙwarai. Bai musa cewa ya saurari Hooker ya kuma yaba masa ba, amma hujjarsa ita ce, shi yana da shekara kusan 30 ya fara jin faifan Amurka, alhali ya riga ya gama gina salonsa. A ganinsa saiwar itacen tana ƙasarsu, abin da ke Amurka rassa ne, waɗanda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka tafi da irinsu. Masana sun tabbatar cewa abin kiɗan Amurka da ake kira banjo ya samo asali ne daga dangin molo da gurmi na yankinmu. A 2003 shahararren mai shirya fim Martin Scorsese ya yi fim a kan asalin bulus, kuma neman wannan asali ya kai masu fim ɗin har Nyafunke wurin Ali.

GIDAN REDIYO DA FITARSA DUNIYA

A 1970 ya koma Bamako ya kama aiki a gidan Rediyon Mali a matsayin mai kula da na'urorin ɗaukar murya. Ya yi amfani da wannan dama ya ɗauki kiɗansa, ana sa shi a rediyo, jama'a suka san shi. Ya aika da wasu daga ciki zuwa wani kamfani a Paris, faifansa na farko ya fito a 1976. A 1980 ya ajiye aiki ya koma Nyafunke ya kama noma.

Yana can sai ɗaya daga cikin fayafayan nan ya faɗa hannun Andy Kershaw, wani mai gabatar da shiri a BBC, ya sa shi a rediyo a Ingila. Wata ma'aikaciyar kamfanin World Circuit mai suna Anne Hunt ta taso takanas har Bamako nemansa, aka yi cigiya a Rediyon Mali, aka yi sa'a ya shigo birnin a lokacin. A 1987 ya je London ya yi wasa, ya kuma fara aiki da wannan kamfani da shugabansa Nick Gold. Yana da kimanin shekara 48 a lokacin. Faifan Talking Timbuktu da suka yi da Ba'amurke Ry Cooder ya fito a 1994, ya ci lambar Grammy, wadda ita ce babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka.

Duk da wannan ɗaukaka, ko a dandalin London ko na Amurka, yakan hau da mai ƙwarya a gefensa, kuma yakan ajiye jita a tsakiyar wasa ya ɗauko njarka.

KOMAWA GIDA DA RASUWARSA

Da suna ya yi suna sai ya fara ƙin tafiye-tafiye. Ya ɗauki kansa manomi kafin makaɗi, kuma yana ganin in ya daɗe nesa da ƙasarsu kiɗan zai rasa gishirinsa. Kuɗin da ya samu ya zuba su a noman shinkafa da injinan ban ruwa a bakin kogi. Da kamfani ya matsa yana son sabon faifai, sai dai su suka kwaso na'urori da janareta suka zo Nyafunke, aka ɗauka a wani tsohon gini, a lokutan da ya taso daga gona. Faifan ya fito a 1999 da sunan garin.

A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Nyafunke. Da kuɗin aljihunsa ya gyara hanyoyin gari, ya haƙa magudanan ruwa, ya riƙa sayen man janaretan da ke ba garin wuta. A watan Fabrairu na 2006 faifan da suka yi da Toumani Diabate, gwanin kora, ya ci masa Grammy ta biyu, yana kwance ba lafiya. A farkon watan Maris na 2006 Allah ya yi masa rasuwa a Bamako sakamakon ciwon daji na ƙashi, yana da shekara 66. Aka kai shi Nyafunke aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.

Wani abin mamaki, shi da dangi suka hana kiɗa, sai ga shi ya so ya hana ɗansa Vieux, ya fi son ya shiga soja saboda wahalar da ya sha a harkar. Yaron ya riƙa koyo a ɓoye, sai a ƙarshen rayuwar uban ya sa masa albarka, har ya yi kiɗa a faifan ɗan na farko. Ashe taurin kan jaki ma ana gadonsa. Shekara shida bayan rasuwarsa, a 2012, 'yan bindiga suka mamaye arewacin Mali har da Nyafunke, suka haramta kiɗa, makaɗa da yawa suka gudu Bamako.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ba fatawa na zo bayarwa a kan kiɗa ba, wannan fagen malamai ne, kuma ban riƙe mahaifina da komai ba, ya yi abin da ya ga shi ne tarbiyya. Wataƙila ma da ya bar ni, da ban zama komai ba a kiɗan. Abin da ke damuna daban ne, kuma laifin nawa ne da na wasunku.

'Yan ajinmu za su tuna da wani abokinmu daga wani ƙauye na ƙasar Kebbe, wanda mahaifinsa mai gurmi ne. Ba zan faɗi sunansa ba. Za ku tuna irin tsiyar da muka riƙa yi masa a ɗakin kwana, muna kiransa ɗan maroƙa, muna buga masa bokiti in ya shigo. Ina cikin masu yi. Har ta kai ranar ziyara yakan tari mahaifinsa tun a bakin hanya, ya karɓi ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli a can, don kada tsohon ya shigo mu gan shi. Da gurmin nan aka biya masa kuɗin makaranta. Da aiki ya kai ni ƙasarsu na je yi masa ta'aziyyar tsohon, na ga gurmin a rataye a zaure, fatar ta tsage, ba mai taɓa shi. Abokin namu ya gaya mini yana da shekara tara ya iya kaɗa shi, mu ne muka sa ya bari. Ba wanda ya ɗauki muryar tsohon ko a kaset ɗaya. Waƙoƙin noma da na mafarauta da ya sani, da sunayen mutanen da da ke cikinsu, duk sun bi shi kabari.

Ali Farka bai san ko harafi ɗaya na boko ba sa'ad da ya haɗa gwangwaninsa. Jita ta zo masa daga waje, kamar yadda boko ya zo mana, amma abin da ya kaɗa a kanta daga gida ya zo da shi, kuma shi duniya ta saya. Da ya raina jarkel ya tsaya kwaikwayon Turawa, da ba wanda zai taso daga London nemansa. Mu kuwa da muka sami tamu jitar, da yawanmu abin da muka fara yi shi ne jin kunyar tsirkiya ɗayar da muka baro a gida.

Saboda haka ina kawo shawara gaban wannan ƙungiya. Har yanzu akwai sauran tsofaffin masu gurmi da goge da molo da kalangu a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, ko da yake rashin tsaro ya rage taron dare da suke samun abinci da shi. Kowannenmu yana da waya a aljihu wadda ta fi na'urar da Ali ya yi aiki da ita a Rediyon Mali. Kowa in ya je gida hutun salla ya nemi tsoho ɗaya, ya gaishe shi da ladabi, ya yi masa ɗan alheri, ya nemi izninsa ya ɗauki kiɗansa da tarihin inda ya koya. Mu tara su, a ajiye a ɗakin karatu na makarantarmu. Kuma malamanmu na yanzu su sa ido, kada a sake samun yaron da zai tari mahaifinsa a bakin hanya saboda sana'arsa.

Ga abokina kuwa, na san wannan mujalla za ta iso hannunka. Na nemi gafararka a zaurenku, ina kuma sake nema a gaban jama'a, tun da a gaban jama'a aka yi laifin. In ka yarda a kai gurmin nan a sake masa fata, kuɗin baduku yana wuyana.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya ƙara ɗaukaka makarantarmu. Wassalam.